Yadda ake farfaɗo da tsohon ampli mai lamp na jita, da yadda ake sauya masa murya

Tsohon ampli mai lamp, wato akwatin ƙara sautin jita irin wanda ake hango kwalabe suna ja a bayansa idan an kunna, abu ne mai tsawon rai. Akwai waɗanda aka ƙera tun 1959 da har yanzu ake hawa dandamali da su. Wanda ya faɗo hannunmu a nan Damagaram, ko daga ɗakin ajiyar wata tsohuwar ƙungiyar makaɗa, ko cikin kayan gwanjo da ke shigowa ta Kano, ba kasafai tsufa ke ƙarasa shi ba. Ranar farko ce ke ƙarasa shi. An kaɗe ƙura, an cusa waya a firiz na bango don a ji ko yana yi, sai ƙauri ya tashi. Taransfomar da ta shekara hamsin lafiya lau ta ƙone cikin minti biyu, ga shi ita ce abin da ba za ka samu a kasuwar Dole ba. Shi ya sa na jero aikin bi da bi, kuma ina roƙonka kada ka tsallaka zuwa wurin sauya murya, ko da yake na san can hankalinka yake.

Kafin ka biya kuɗi

Mai kaya zai ce maka, «Bari in kunna maka ka ji.» Ka ce masa, «A'a Alhaji, bar shi haka, da ido zan duba.» Idan ya daɗe a ajiye, kunnawar nan ita ce haɗarin.

Juya bayansa ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Kayan Amurka, su Fender da Ampeg da Gibson, an yi su ne don volt 117 ko 120, mu kuwa kuran ɗinmu 220 ne. Na Ingila, su Marshall da Vox da Selmer, da na Jamus irin Dynacord, yawanci suna da maɓallin zaɓen wuta a baya, haka ma Fender ɗin da aka yi don fitarwa waje. Ka ga inda maɓallin yake tsaye.

Sannan ka kai hanci kusa da taransfoma. Biyu ne manya: ta wuta, da ta fitar da sauti zuwa lasifika. Wadda ta taɓa ƙonewa warinta ba ya ɓacewa, kuma sau da yawa za ka ga baƙin danƙo ya zubo daga gindinta. Idan kana da mita a aljihu, auna tsakanin ƙafafun filogi biyu da maɓallin kunnawa a kunne: ya kamata ka ga ƴan om kaɗan. In mita ba ta motsa ba, ko fiyus ne ya tsinke ko taransfomar ce, sai ka ciro fiyus ɗin ka gani. In ka tarar an naɗe shi da takardar sigari ko an maye gurbinsa da guntuwar waya, ka san an taɓa tilasta wa ampli ɗin aiki da ciwo a jikinsa, kuɗinsa ya ragu ke nan. Kwalabe, kondansa, fatar jikin akwati, duk ana samun madadinsu. Taransfoma biyun nan su ne abin da kake saye a gaskiya.

Akwai wani iri da nake so ka gane tun a nan. Wasu ƙananan ampli masu araha na shekarun 1950 da 1960 ba su da taransfomar wuta sam. Alamarsu ita ce kwalabe masu lamba 50C5 da 35W4. A cikinsu kuran na bango yana iya kaiwa har igiyoyin jita. Irin wannan ba a kaɗa shi sai an sa masa taransfomar da ke raba shi da wutar bango, kuma ga mai farawa gara ya bar shi.

In kana son sanin shekararsa, lambobin da ke jikin kayan ciki suna faɗa. A bayan maɓallan murɗawa, 137 alamar kamfanin CTS ce, 304 kuma Stackpole. Lambobin da ke biye su ne shekara da mako, wato 1376512 na nufin mako na 12 a 1965. A lasifika, 220 Jensen ce, 465 Oxford, 328 Utah. Wannan yana da amfani wajen ciniki, domin Fender mai baƙar fuska, na 1963 zuwa 1967, darajarsa ta fi ta mai farar fuska da ya biyo bayansa daga 1968, ko da yake na biyun ma kaya ne na ƙwarai, kuma shi ya fi dacewa da mai son yin gwaje-gwaje.

Wutar da ke kwance a ciki

A cikin ampli mai lamp akwai volt 350 zuwa 500, wani ma fiye. Cire filogi ba ya kawar da ita. Manyan kondansa suna riƙe wuta yadda randa ke riƙe ruwa bayan an ɗauke famfo, kuma abin da suka riƙe ya isa ya tsayar da zuciyar mutum. Wanda bai taɓa aiki da irin wannan wuta ba, ya nemi tsohon mai gyaran rediyo, irin dattijan da suka fara sana'a tun rediyo da talabijin na da kwalabe, ya ce, «Baba, zan zauna kusa da kai in koya.» Hannunsu ya san abin da takarda ba ta koyarwa.

Ga yadda ake zubar da ita. Ka haɗa waya mai baki irin na kada a kowane gefe, da rezistans na 100k mai wat 5 a tsakiya, ka lulluɓe shi da roba. Cire filogi. Maƙala baki ɗaya a jikin shasi, wato ƙarfen da kayan ciki ke zaune a kansa, ɗayan kuma ka kai shi ƙafar kondansa mai alamar +, da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana aljihu. Jira minti ɗaya, sa mita a kan DC ka auna. Sai ta sauka ƙasa da volt 10 za ka sa yatsa. Bar wayar a maƙale muddin kana aiki, domin tsohuwar kondansa takan sake tara ƴar wuta da kanta, kuma ka tuna ka cire ta kafin ka kunna. Kada ka yi abin da wasu ke yi na haɗa ƙafar da shasi da sukuddireba. Tartsatsin yana lalata kondansa, yana kuma iya fallatsa maka narkakken ƙarfe a ido.

Takalmin roba a ƙafa, tebur na katako, babu zobe babu agogo, kuma kada ka yi aikin kai kaɗai a gida.

Shara

Ɗauki hoton ciki da wayarka ta kowace kusurwa kafin ka taɓa komai, ka nemo taswirar wayoyinsa a intanet da sunan samfurin. Cire kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta wa kowace mazauninta a takarda. Riƙe ta a gindi, ka ɗan girgiza a hankali kana ja. Kada ka goge rubutun da ke jikin gilashin, yana fita da ruwa. Wadda ka ga tabon azurfar da ke samanta ya koma fari kamar alli, iska ta shige ta, ta gama.

Abin da za ka tarar a ciki kayan garinmu ne: ƙurar hunturu, gidan zanzaro a lungun shasi, kashin ɓera, wani lokaci gara ta fara cin katakon ƙasa. Buroshin fenti busasshe da ƴar iska sun isa. Ƙurar nan ba ƙazanta kawai ba ce. Allon da Fender ke jera kaya a kai na takarda ne mai tauri, kuma idan ƙura ta kwanta a kansa sannan damina ta kawo laima, sai ya fara ɗaukar wuta daga wannan ƙafa zuwa waccan, ka riƙa jin ƙarar tsartuwa da ba ka san daga ina take ba. Goge shi da alkol, ka busar da shi a inuwa mai iska. Maɓallan murɗawa da jak da mazaunan kwalabe a fesa musu maganin wanke kontak, banda man inji.

Lasifika kuwa, danna takardarta a hankali da yatsu a kewaye. In ka ji tana gurzawa, akwai gyara. Mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da rabi zuwa 7 a mita, kuma hakan daidai ne.

Waya, ƙasa, da kuran ɗinmu

Tsofaffin ampli na Amurka suna zuwa da waya mai ƙafa biyu, da wata kondansa ta 0.047 mikrofarad da ke haɗa layin wuta da shasi. Idan ta lalace, shasi ya ɗauki wuta, daga shasi sai igiyoyin jita, daga nan sai leɓen mawaƙi ranar da ya taɓa makirfo. Cire ta gaba ɗaya. Sa sabuwar waya mai uku: ta ƙasa a ɗaure ta da ƙusa mai noti a jikin shasi ita kaɗai, mai wuta ta bi ta fiyus sannan maɓallin kunnawa sannan taransfoma. Wannan sauyi ɗaya ne da ba na yarda a yi jayayya a kansa da sunan barin kaya yadda kamfani ya yi shi.

Sai dai waya mai uku ba ta da amfani idan firiz ɗin bango ba shi da ƙasa, kuma gidaje da yawa a Birni da Zango haka suke. Ka sa mai aikin lantarki ya kafa maka sandar jan ƙarfe, ya ja waya zuwa firiz ɗin da za ka riƙa amfani da shi. Ƙasarmu busasshiya ce, ga dutse a kusa, don haka a zaɓi wuri mai laima, kamar kusa da magudanar wanka, a riƙa zuba masa ruwa da rani.

Ampli na Amurka yana buƙatar taransfomar rage wuta daga 220 zuwa 110. Duba wat ɗin da aka rubuta a bayansa, ka sayi wadda ta ninka haka. Ka guji ƴan ƙananan nan marasa nauyi na matafiya, waɗanda ake yi don abin busar da gashi, domin ba taransfoma ce a cikinsu ba, kuma suna kashe ampli. Akwai kuma abin da mutane ke mantawa: wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Taransfomar da aka naɗa don 60 tana ɗaukar zafi fiye da kima a kan 50. Saboda haka gara ka ba ta 110 zuwa 115, kada ka matsa sai ta sami 120. Ma'auninka shi ne wutar da ke dumama kwalabe: volt 6.3 ake so, daga 6 zuwa 6.6 babu laifi, abin da ya haura haka yana cin ran kwalabe.

Kuran yana hawa yana sauka, kowa ya sani. Regilater mai kyau a gaba, da ƴar mita da ke nuna volt kullum a kan tebur. Ga mai maɓallin zaɓe, in ka ga wutar unguwarku tana yawan haura 230, ka tsayar da shi a 240. In da gurup za a yi aiki, a tayar da shi ya daidaita kafin a sa ampli, a kuma kashe ampli kafin a kashe shi. Masu hasken rana su tabbata injin juya wutarsu mai fitar da tsabtatacciyar igiya ne, domin mai arahar nan yana sa gurnani a lasifika da zafi a taransfoma.

Kondansa da rezistans

Kondansa masu ruwa a ciki, waɗanda ke da alamar + da −, suna bushewa da shekaru, zafinmu kuma yana gaggauta musu. Duk wadda ta haura shekara talatin a canza ta, ko da ta yi kyau a ido. A Fender manyan suna ƙarƙashin wani murfin ƙarfe a bayan shasi. A Deluxe Reverb na 16 mikrofarad ne masu volt 450. Madadinsu 16 ko 22 masu volt 500 ya yi. Kada ka ce bari in zuba babba don gurnani ya mutu. Kondansa ta farko bayan kwalbar da ke daidaita wuta tana da iyaka: GZ34 ba ta son fiye da 60, 5Y3 kuwa ka tsaya kusa da abin da kamfani ya sa.

Canza ɗaya, ka duba hoto, sannan ka wuce ta gaba. Ka kula ƙwarai da kondansar bayas (bayanin bayas yana nan gaba), domin ita a juye take: ƙafarta mai + ce ke zuwa shasi. Wanda ya sa ta yadda ya saba sa sauran, za ta fashe, manyan kwalabe kuma su yi ja su mutu. In ka ga tsohon diyod na seleniyom a layin bayas, mai kama da ƴan faranti a jere, maye shi da 1N4007.

A nan ne nake rabuwa da masu gyara da yawa. Suna buɗe ampli su kwashe komai su zuba sabo, su ce sun yi aiki. Ƙananan kondansa marasa alamar + da −, irin shuɗayen nan na Fender ko masu ruwan ƙasa-ƙasa na Marshall, yawancinsu lafiyarsu ƙalau, kuma suna cikin abin da mai saye ke dubawa gobe. A gwada su, wadda ke yoyon wuta ita kaɗai a cire. Haka rezistans: auna kowanne, wanda ya kauce fiye da kashi 20 cikin ɗari daga lambarsa a canza. Waɗanda zafi ya fi dafawa su ne na kan mazaunan manyan kwalabe, 470 om da 1.5k a Fender. Na 470 ɗin ka sa masu wat 3 ko 5. Masu 100k na ƙananan kwalabe su ne ke kawo sautin shuu da tsartuwa idan sun tsufa.

Kayan gyara na ƙwarai, musamman kondansa masu volt 500, sai an aika Sabon Gari ta Kano ko an yi oda daga waje. Wanda aka kawo maka ka auna shi kafin ka liƙa, jabu ya yi yawa. Sababbin kwalabe har yanzu ana ƙera su a Slovakiya da Rasha da Sin. Lambobin Turai da na Amurka suna da tagwaye: ECC83 ita ce 12AX7, ECC81 ita ce 12AT7, EL84 ita ce 6BQ5, GZ34 ita ce 5AR4. Amma 6N2P ta Rasha, duk da kamarta da 12AX7, ƙafafun duminta daban suke, ba a cusa ta haka nan.

Kunnawa ta farko

Haɗa ƙwan fitila a jere da layin wuta, a ɓangaren 220, yadda duk kuran da zai shiga ampli sai ya ratsa ta cikinsa. Tsohon ƙwai mai zare ake so, wat 60 ga ƙaramin ampli, 100 ga babba. Na zamani marasa cin wuta ba sa wannan aiki. Idan akwai gajeriyar hanya a ciki, wato wuta ta haɗe inda bai kamata ba, ƙwan zai haska sosai ya tsaya haka, ya shanye wutar, taransfoma ta tsira. Idan lafiya, zai yi walƙiya ya dushe.

Fara ba kwalba ko ɗaya. Auna volt 6.3 na dumama kwalabe. A ampli mai bayas tsayayye, irin su Deluxe Reverb da Twin Reverb, auna ƙafa ta 5 a mazaunin kowace babbar kwalba irin 6V6, 6L6 ko EL34: dole ka ga wuta mai alamar −, wajen volt 35 a Deluxe Reverb, wajen 50 a masu 6L6. In babu ita, tsaya nan. Kashe, sa kwalbar daidaita wuta da ƙananan, kunna, ka sake auna ƙafa ta 5. In wani mazauni ya bambanta da ɗan'uwansa, ko lambar tana zamewa zuwa sifili, kondansar da ke kawo masa sauti tana yoyo. Kada ka daɗe a wannan hali, domin babu manyan kwalabe wutar takan haura abin da kondansa ke ɗauka.

Daga ƙarshe manyan kwalabe, kuma lasifika a haɗe. Ampli mai lamp ba a kunna shi babu lasifika, ko na ɗan lokaci, domin taransfomar sauti ce ke biyan bashin. Om ɗin lasifika ya dace da na ampli, 4 da 4, 8 da 8, kuma da wayar lasifika mai kauri, banda wayar jita. Sa ido a kan farantan da ke cikin manyan kwalabe a ɗaki mai duhu-duhu. Jan zaren tsakiya daidai ne, ɗan shuɗin haske a jikin gilashi ma ba komai. Farantin kansa ya fara ja, kashe nan take.

Bayas

Bayas shi ne yawan kuran da babbar kwalba ke sha tana zaune ba a kaɗa komai. Ya yi yawa, ta ƙone da wuri. Ya yi kaɗan, sauti ya bushe ya yi kaushi. Su Vox AC30 da Fender Champ suna daidaita kansu ta rezistans ɗin katod, ka dai tabbata shi da kondansarsa lafiya suke. Su Deluxe Reverb, Twin Reverb, Bassman da yawancin Marshall, sai an auna duk lokacin da aka canza manyan kwalabe, kuma kwalaben a saye su tagwaye waɗanda aka gwada suka dace.

Liƙa rezistans na om 1 tsakanin ƙafa ta 8 da shasi a kowane mazaunin babbar kwalba irin 6V6, 6L6 ko EL34, a madadin wayar da ke wurin. Yanzu duk milivolt da ka karanta a kansa miliampiya ɗaya ne. Cire ƙwan fitilar nan daga layi, bar ampli ya yi minti goma, ka auna volt a ƙafa ta 3. Kowace kwalba tana da iyakar zafin da farantinta ke ɗauka: 6L6GC wat 30, EL34 wat 25, 5881 wat 23, 6V6GT wat 12 zuwa 14, EL84 wat 12. Ƙa'idar da masu gyara suka saba bi ita ce kada a wuce kashi 70 cikin ɗari. Misali 6L6GC a kan volt 450: kashi 70 na 30 shi ne 21, raba 21 da 450, ka sami miliampiya 46 da ɗoriya. Wannan rufi ne. A garin da Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, kuma kuran na iya tashi da dare ba sallama, ni kashi 60 nake tsayawa, wato miliampiya 40 a wannan misali. Kunne ba ya jin bambanci mai yawa, kwalabe kuwa suna ƙara daɗewa, kuma mu da sai an yi mana oda daga nesa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu sai murya

Kaɗa shi makonni yadda yake tukuna. Sau da yawa abin da mutum ke son ya gyara da sauyi, ciwo ne da ya riga ya warke da sababbin kondansa. In har yanzu akwai abin da kunnenka ke nema, sharaɗina biyu: kada a huda shasi ko fuska, kuma duk abin da aka cire a sa shi a leda a ɗaure a cikin akwatin. Sauyi ɗaya a lokaci guda, ka saurara, sannan na gaba.

Mafi sauƙi ba ya buƙatar dalma. Kwalbar farko, ta kusa da inda jita ke shiga, ita ke fara ɗaga sauti. 12AX7 tana ninkawa har 100, 5751 wajen 70, 12AY7 wajen 40 da ƴan kai. Mai son sauti garau wanda kowace igiya ke fita daban, irin wanda ake buƙata idan jita za ta yi tafiya tare da kalangu ko ganga ba ta dushe ba, ya gwada 12AY7 ko 5751. Bassman na 1959 da 12AY7 ya fito daga kamfani. Jim Marshall da abokan aikinsa sun kwaikwayi tsarinsa a JTM45 na 1962, amma suka sa ECC83 a wurin, ga lasifikan Celestion a rufaffen akwati, kuma waɗannan na cikin dalilan da suka sa muryoyin biyu suka rabu.

Lasifika ita ce sauyin da ya fi kowanne jin kunne. Wadda ta fi wata ƙarfin fitar da sauti da desibel 3 daidai take da ninka wat ɗin ampli. Ga mai wasa a filin biki da ampli na wat 22, wannan ya fi duk wata dabara ta cikin shasi. Tsohuwar ta asali a naɗe ta a ajiye.

In ƙarar sama tana tsaga kunne idan murya tana ƙasa, dubi bayan maɓallin murya. A layin Vibrato na Deluxe Reverb akwai ƴar kondansa ta 47 pikofarad a kai. Ɗaga ƙafarta ɗaya, shi ke nan. In kuma ƙasa ce ta yi yawa, sauti yana kumbura yana dagulewa idan an ɗaga murya, rage kondansar katod ta kwalbar farko. Fender na sa 25 mikrofarad tare da 1.5k. Marshall a layinsa mai kaifi ya sa 0.68 tare da 2.7k. Gwada wani abu tsakanin 1 da 5, za ka ji igiyoyin ƙasa sun tsuke, kuma ga kiɗan da ke da saurin yatsa wannan shi ne sauyin da na fi so.

Fender mai maɓallin sama da na ƙasa kawai yana da rezistans na 6.8k da ke tsayar da sautin tsakiya. Sa 10k ko 15k, jita za ta matso gaba cikin taron kayan kiɗa. Sai rezistans ɗin da ke dawo da ɗan sauti daga lasifika zuwa baya don ya ladabtar da ampli, 820 om a masu baƙar fuska. Ƙara shi zuwa 1.5k, ampli zai ƙara kuzari ya fara gurnani da wuri, amma shuu ɗinsa ma zai ƙaru.

Twin Reverb da ya fi ƙarfin ɗaki ana iya cire masa kwalabe biyu cikin huɗu, ko na tsakiya biyu ko na gefe biyu, a cire wayar lasifika ɗaya don om ya koma 8, a sake duba bayas. Zafi ma ya ragu. Abin da ban ba da shawara ba shi ne maye kwalbar daidaita wuta da diyod, domin volt zai tashi a kan tsofaffin kaya, ko cusa EL34 inda aka yi don 6L6, domin tana jan kuran dumi wajen ampiya 1.5 inda 6L6 ke jan 0.9, taransfomar da ke fama da wutar 50 kuma ba ta da wannan rarar.

In Fender ko Marshall sun fi ƙarfin aljihu, ka sa ido a kan tsofaffin ampli na shela masu lamp, irin Bouyer na Faransa ko Geloso na Italiya. Yawancinsu suna karɓar 220, taransfomominsu masu kauri ne, kuma a kansu ne za ka yi gwajin da ba za ka yi a kan Fender na 1965 ba. Mashigar makirfo ake gyarawa ta karɓi jita: jak, rezistans na 1M zuwa shasi, da 68k a jere zuwa ragar kwalbar farko. A mafita ka ɗauki ƙafar om 8 ko 16, ka bar ta layin volt 100 da ake jan lasifikan kan sanda da ita.

Fita da shi

A wurin wasa kada bayansa ya jingina da bango, kada rana ta same shi, kuma a ɗora shi a kan benci sama da ƙura. Ƙaramar fanka tana hura bayansa tana ƙara wa kondansa shekaru. Ba shi minti ɗaya ya yi dumi kafin a kaɗa, in an gama kuma a bar shi minti goma ya huce kafin a ɗauka, domin kwalba mai zafi ba ta son girgiza. In a adaidaita ko bayan mota za a kai shi ta hanya mai gargada, a shimfiɗa katifa, manyan kwalabe a cire su a naɗe a tsumma, kowace da alamar mazauninta. A gida a rufe shi da zane bayan ya huce, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a riƙa kunna shi ko sau ɗaya a wata. A jakar jita kuma a riƙe fiyus biyu masu lambar da aka rubuta a bayan shasi, irin masu jinkirin tsinkewa, da 12AX7 guda. In fiyus ya tsinke ka sa wani ya sake tsinkewa, a kashe a koma kan tebur da ƙwan fitila, a fara da zargin kwalbar daidaita wuta da manyan kwalabe.